ZAMAN GIDA: Ƙaramar Mota Ta Hannu, Taimako Ce Ko Wahala?

Wani mai karatunmu daga wajen Bunkure ya rubuto mana wasiƙa. Ya ce bana Allah ya sa wa shinkafarsa albarka, ya sayar, ya biya bashin taki, har ɗan wani abu ya ragu a hannu. Ana nan sai wani dillali ya kawo masa tallan tsohuwar Golf, irin mai ƙofa a baya, da kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba. Shi dai ransa ya biya. Uwargida kuwa ta ce a'a, a ajiye kuɗin domin noman rani da makarantar yara. Ya ce mata, "Kin manta daren da muka ɗauke ki a kan babur kina naƙuda?" Ita kuma ta ce, "Ban manta ba, Maigida. Amma mota ba ta cin ciyawa." Yau mako biyu ke nan ba su daidaita ba, shi ya sa ya ce mu raba musu gardama.

To, ba mu saba shiga tsakanin miji da mata ba, balle a inda kowannensu yake da gaskiya. Amma da yake mun san gidaje da yawa a Kura, da Kadawa, da Garun Malam suna wannan shawara bayan kowace kaka, bari mu baje maganar a fili, kowa ya ɗauki abin da ya dace da gidansa.

Ƙasar da motar za ta yi aiki

Kafin a dubi mota, sai a dubi hanya tukuna. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka soma a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa yana gangarowa da kansa ta manyan kanal da ƙanana zuwa gonakin Kura, da Bunkure, da Garun Malam. Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke lura da shi. Albarkar wannan ruwa ce ta sa ake shinkafa da damina, da rani kuma a yi tumatir, da albasa, da alkama, da masara. Amma ruwan nan da ke ciyar da mu, shi ne kuma abokin gābar ƙaramar mota.

Hanyoyinmu iri uku ne. Akwai kwalta, watau babbar hanyar Kano zuwa Zariya wadda ta ratsa Kura, da reshen da ya nufi Bunkure da Rano. Akwai burji da ke bin gefen kanal, mai ƙura da rani, mai santsi da damina. Akwai kuma 'yan hanyoyin cikin gona, inda tarakta da amalanken shanu suka haƙa ramuka biyu suka bar tudu a tsakiya. A wasu ƙasashe, da damina ta wuce an rabu da taɓo ke nan. A nan kuwa ba haka ba ne. Ko a watan Maris, in kanal ta yi ambaliya ko wani ya fasa ta domin ya shayar da gonarsa, sai ka tarar da caɓi a tsakiyar hanya. Ƙaramar mota sarauniya ce a kan hanya ta fari, baƙuwa ce a kan ta biyu, a kan ta uku kuwa ba ta da wurin zama ko kaɗan.

Wace irin mota ce wannan?

Irin motar da ake zance ita ce wadda ba ta da but dabam. Ƙofar baya takan ɗaga sama duk da gilashinta, a kuma kwantar da kujerun baya a sami wurin kaya. A ƙasarmu wadda aka fi sani ita ce Golf ta kamfanin Volkswagen na Jamus, sa'an nan Starlet ta kamfanin Toyota na Japan. An fara ƙera Golf a 1974, shekarar da aka gama Tiga. Wadda ake kira Golf 2 ta fito a 1983, Golf 3 kuwa a 1991, aka daina ƙera mai ƙofar baya ɗin a 1997. Starlet kuma an daina ta a 1999.

Ku lura da waɗannan shekaru da kyau, gama a cikinsu maganar take. Ko autar Golf 3 ta doshi shekara talatin a duniya. Ta yi wa Bature aiki har ya gaji da ita, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Ikko, ta wuce ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ta iso ƙofar gidanka. A Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, saboda haka yawancin irin waɗannan da dillalai ke yawo da su yanzu sun daɗe suna shan wahala a hanyoyinmu. In dillali ya ce maka, "Wata tsohuwa ce ke zuwa kasuwa da ita kawai," ka yi murmushi, ka ci gaba da dubawa.

Duk da haka tsufa ba laifi ba ne. Waɗannan motoci suna da abu uku da sababbi ba su da shi. Injinsu mai sauƙi ne, makanikin bakin hanya ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Kayan gyaransu suna nan a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, sabo da na hannu. Ba su kuma shan mai kamar manyan motoci. Shi ya sa har yanzu kake ganin Golf tana jigila tsakanin garuruwanmu.

Abin da za ta iya

Bari mu ba maigida gaskiyarsa. Daga Kura zuwa Kano wajen kilomita 30 ne. Ga mai lafiya wannan ba kome ba ne. Amma ga mace mai naƙuda da ƙarfe biyu na dare, ko yaron da zazzaɓi ya sa shi suma, ko manomin da maciji ya sara a bakin kanal, ko kilomita biyar zuwa asibitin Kura tafiya ce mai nisa a kan babur. A irin wannan dare, tsohuwar mota da ta tashi da murɗa makulli ɗaya ta fi dukiya mai yawa.

Ban da wannan, tana kai iyali duka sujada ran Lahadi a tafiya ɗaya, ba sai an ɗora yara huɗu a kan babur ba. Tana kai yara makaranta da akwatunansu. Tana ɗauko buhun taki uku ko huɗu daga kasuwa, da injin ban ruwa, da ɗan hatsin gida zuwa injin niƙa. Tana tsare mutum daga ruwan sama da ƙurar hunturu. Wannan duka aikinta ne, takan kuwa yi shi shekara da shekaru in an lura da ita.

Abin da ba za ta iya ba

Amma ba akori-kura ba ce, a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Nauyin da aka ƙera irin wannan mota ta ɗauka bai wuce wajen kilo 450 zuwa 500 ba, a ciki har da direba da duk wanda ya shiga. Buhun taki kilo 50 ne. In maigida da ɗansa sun shiga, buhu shida ya cika mata kaya ke nan, tun tana sabuwa ma, balle yanzu da ta tsufa. Mun sani za a ce mana, "Ai muna ganin 'yan haya suna ɗora mata buhu goma har ƙofar baya ba ta rufuwa." Gaskiya ne. Amma ɗan haya ya sa wa tasa ƙarin ƙarfe a ƙafafun baya, kullum kuma yana samun kuɗin da zai kai wa makanike. Kai kuwa daga rumbunka za ka biya.

Mu ma mun taɓa koyon wannan da wuya. Wata shekara da kaka muka ga ƙyashin biyan kuɗin ɗauko shinkafa daga gona, muka shiga da 'yar motarmu har bakin fage, muka ɗora mata buhu bakwai. Ba mu yi nisa ba sai tudun tsakiyar hanya ya daki cikinta. Muka ji ƙara, muka ce ba kome. Ashe kaskon baƙin mai ne ya tsage. Jar fitila ta kama a gaban sitiyari, muka ce bari dai mu kai kwalta tukuna. Ba mu kai ba. Inji ya ƙone, shanu suka jawo mu gida, yara suna bin mu da dariya. Kuɗin gyaran ya fi kuɗin ɗauko shinkafar nan har sau ashirin, kuɗin takin alkama ne kuwa muka taɓa. Rani ya wuce, rabin gonarmu ba a shuka ba.

Saboda haka tumatir ɗin da za a kai Kwanar Gafan, da buhunan shinkafar da za a kai wa masu casa, a bar wa kurkura da akori-kura da amalanke. Mota ta tsaya a bakin burji, mutum ya ƙarasa gona da ƙafa ko da babur. Jar fitilar baƙin mai kuwa, duk inda ta kama, a kashe inji nan take.

Ciyar da mota

Yanzu bari mu ba uwargida tata gaskiyar. Sayen mota na rana ɗaya ne, ciyar da ita kuwa na kullum. Jaki in ba ya aiki sai ya yi kiwo a bakin kanal. Mota ko tana tsaye tana cin kuɗi, gama batir yana mutuwa, taya tana tsagewa, takardu suna ƙarewa.

Ga lissafi. Tsohuwar ƙaramar mota takan sha wajen lita 8 zuwa 10 a kilomita 100. Zuwa Kano da dawowa daga Kura, wajen lita 5 zuwa 6 ke nan. In ana zuwa sau biyu a mako, a ƙara da sujada da kasuwa da gaishe-gaishe, za a sha lita 60 zuwa 80 a wata. A farkon 2023 lita ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Ran 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin mai, kafin ƙarshen 2024 kuwa lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Kuɗin mai yana hawa yana sauka, saboda haka kowa ya tambayi farashin yau ya ninka da kansa. A ce lita naira 1,000 ce, to, naira 60,000 zuwa 80,000 ke nan a wata. Sai maigida ya tambayi kansa, mudu nawa na shinkafa ke nan?

Wannan mai ne kaɗai. Akwai juyen baƙin mai, wajen lita 4, bayan kowane kilomita 5,000, a ƙasa mai ƙura irin tamu ma gara a yi kafin haka. Akwai taya, da batir, da birki. Akwai lasin tuƙi, da takardun mota na shekara-shekara, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a 2023. Sa'an nan akwai gyaran da ba ya sallama kafin ya zo. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar mota lalle za ta lalace, tambaya ita ce ko akwai abin gyara a ajiye ranar da ta lalace.

Dabararmu ita ce wannan. In abin da ke hannunka kashi uku ne, kada kuɗin motar ya wuce kashi biyu. Na ukun na makanike ne, gama wata ukun farko su ne ke tona asirin abin da mai ita na dā ya ɓoye. Kuɗin iri, da taki, da man injin ban ruwa, da kuɗin makaranta kuwa, ba sa cikin kashi ukun nan sam. Gona ce ta haifi mota. Kada a yanka uwa domin a ciyar da 'ya.

Kafin ka biya

In an yi lissafi an ga za a iya, ga abin da za a duba.

Na ɗaya, ka tafi da makanikenka, ba na dillali ba. Ka biya shi ladan yininsa. Wannan kuɗi ba asara ba ne.

Na biyu, ku je da sassafe, ka taɓa inji ka ji da sanyi kafin a tayar. Injin da aka ɗumama kafin ka zo yana da abin da yake ɓoyewa. Ka tsaya a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce inji yana cin baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba.

Na uku, a buɗe murfin baƙin mai. In an ga abu kamar kindirmo a jikinsa, mai yiwuwa ruwa ya gauraya da mai, gyaransa kuwa babba ne. A bar inji yana aiki minti ashirin a ga ko fanka tana tashi, ko allurar zafi tana hawa. Zafi shi ne ajalin tsofaffin motoci a watan Afrilu.

Na huɗu, a shiga ƙarƙashinta da tocila. A ɗaga tabarmar ƙafa da wurin ajiye safaya. Ƙasashen sanyi suna zuba gishiri a hanya saboda ƙanƙara, gishirin nan kuwa yakan ci ƙarfe daga ƙasa. Inji ana sakewa, amma bodin da tsatsa ta cinye ba shi da magani. Sabon fenti a kan tsohuwar mota abin tuhuma ne, ba abin sha'awa ba.

Na biyar, a tuƙa ta a kan burji, ba kwalta kaɗai ba. A murɗe sitiyari har ƙarshe a juya a hankali. In ƙafar gaba tana ƙas-ƙas-ƙas, shaf ya gaji. A taka birki da ƙarfi a ga ko tana ja gefe ɗaya. A zaɓi mai giyar hannu, gama gyaranta ya fi sauƙi, in batir ya mutu kuma ana tura ta ta tashi.

Na shida, a dubi tayoyi. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar da ta tsufa takan fashe a kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai goge ba.

Na bakwai, takardu. Lambar da ke jikin bodi ta yi daidai da wadda ke cikin takarda. A ga takardar kwastan. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a san gidan mai sayarwa. Motar da arahar ta ta yi yawa, mai ita kuma yana gaggawa, a bar ta. Araha ba ta ado, wani lokaci ma ofishin 'yan sanda take kai mutum.

Bayan an saya, a sake bel ɗin cikin inji wanda makanikai ke kira taimin bel, gama ba wanda ya san shekarunsa. A juye baƙin mai. A riƙa kaɗe matatar iska kowane mako da hunturu. Kada a ɗebi ruwan kanal a zuba a lagireto, gama laka da tsatsa za su toshe shi. Kada kuma a saba da man galan na bakin hanya.

Motar gida, motar gari

Akwai abu guda da dillali ba zai faɗa maka ba. A ƙauye, ranar da ka sayi mota ka sayo wa unguwa duka. Za a buga maka ƙofa da tsakar dare, maƙwabci Kirista da maƙwabci Musulmi, ba kuwa za ka iya cewa a'a ba, bai ma kamata ka ce ba. Wannan hidima ce mai kyau, wataƙila ita ce mafi girman amfanin motar. Amma sai miji da mata su zauna tun da wuri su yanke shawara. Mara lafiya da mai naƙuda, a kai su ko da kuɗi ko babu. Biki da kasuwa da rakiyar amarya kuwa, mai bukata ya zuba mai. Makulli kuma kada ya bar hannun maigida zuwa hannun yaron da ba shi da lasin, kome roƙonsa. Kullum a kwana da aƙalla rubu'in tanki, gama motar da babu mai a cikinta da ƙarfe biyu na dare ba ta fi turmi amfani ba.

Amsarmu

To, Malam, ga abin da muka gani. In gidanka yana kusa da kwalta ko burji mai kyau, in za ka biya da kuɗin hannu ba bashi ba, in bayan ka biya kuɗin noman rani da na makaranta suna nan ba a taɓa ba, in kuma akwai makaniken kirki kusa da kai, sayi motar. Za ta yi muku aiki, za ku kuwa gode. Amma in ɗaya daga cikin huɗun nan ya rasa, uwargida ta fi ka gaskiya bana. Ka riƙe babur ɗinka, ka shirya da wani mai mota a unguwa tun yanzu saboda daren gaggawa, ka karɓi lambar wayarsa, ku ware kuɗin mansa ku ajiye a wurin uwargida. Sa'an nan ka sa sauran a gona. Tsofaffin motoci ba za su ƙare a Kano ba kafin baɗi.

Abu na ƙarshe. Kada ka je ka sayo ta a ɓoye ka zo kana busa ham a ƙofar gida. Ku ɗauki takarda da fensir, ku zauna tare bayan yara sun yi barci, ku yi lissafin nan da muka nuna. Motar da aka saya da yardar mutum biyu, ranar da ta lalace mutum biyu ne za su tura ta.

Masu karatu da suka riƙe irin wannan mota a yankin noman rani, ku rubuto mana abin da kuka gani, mai daɗi da mara daɗi, domin waɗansu su ƙaru. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.